Masu Tafiya da Ɗakinsu a Ƙasar Adar

Duk wanda ya yi wayo a birnin Tawa tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da shigowar 1990, in aka tambaye shi alamomin shigowar ɗari, bayan ya ambaci hazo da tsagewar leɓe da sabon gero a rumbu, da wuya ya rufe baki bai ambaci waɗansu motoci ba, waɗanda kan ɓullo daga arewa sun yi buɗu-buɗu da ƙura, an ɗaɗɗaure musu jarkoki da tayoyi da falankan ƙarfe masu huji a bisa rufi, a cikinsu kuwa Turawa ne, wani da matarsa, wani da abokansa, wani ma har da ƙananan 'ya'yansa. Da yawa daga cikin motocin nan tsofaffin Peugeot 504 ne da samarin Faransa ke tsallakowa da su Sahara don su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, ko su zarce da su Kwatano da Lome, su yi kuɗin jirgi su koma gida. Amma akwai wani kashi dabam, wanda shi ne abin maganarmu, na mutanen da ba ciniki ya fito da su ba, sai dai son ganin ƙasa, waɗanda suka mai da motarsu ɗakin kwana da madafa da rumfar hira gaba ɗaya.

Wanda ya taɓa leƙa cikin ɗaya daga cikinsu, ko da ta taga ne sa'ad da mai ita ya tsaya shan mai, ya san dalilin da yara ke yi mata zobe suna kiran “Anasara, kado!”, wato suna roƙon Bature kyauta. Bayan kujerar direba akwai benci wanda in dare ya yi a ja shi ya miƙe ya zama gado, a gefensa ɗan murhun gas mai baki biyu, an kafe shi da ƙusa don kada gargada ta kifar da shi, ƙarƙashinsa tankin ruwa da ɗan famfonsa, daga sama kuwa akwatuna ne jere cike da abincin gwangwani, kowanne da sakatarsa. Ga labule a kowace taga, ga kuma taswirar nan ta Michelin mai lamba 153, wadda ta ɗauko arewacin Afirka da yammacinta, an sha ninke ta da buɗewa har ta yayyage a gaɓoɓi, domin a kanta aka sa alamar rijiyoyi da wuraren da ake samun mai. Waɗansu Volkswagen Combi ne masu rufin da ake ɗagawa, waɗansu Land Rover da tanti a kansu, waɗansu kuma tsofaffin manyan motocin soja ne da aka gina wa ɗaki a baya.

Hanyarsu sananniya ce. Sukan sa motar a jirgin ruwa daga Marsai zuwa Aljaza'ir, ko su sauka Tunis, sa'an nan su yi kudu ta Gardaya da In Salah har Tamanraset, inda kwalta ke ƙarewa a lokacin. Daga nan sai tafiyar kimanin kilomita 400 zuwa In Gezzam, a bi ta rairayin Lawuni inda gawarwakin motocin da suka gaza ke zube sun zama alamar hanya, a sace wa tayoyi iska, a kafe, a tona, a shimfiɗa falankan nan na ƙarfe, a tura, a sake kafewa. In Allah ya yi musu gyaɗar dogo suka iso Asamaka, ƙofar Nijar, saura kimanin kilomita 200 na fili fetal kafin Arlit. A nan ne suke hawa titin da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 saboda jigilar uraniyum, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971, titin da ya taso daga can ya ratsa Agadas da Abalak da Tabalak ya sauka Tawa, tafiyar kimanin kilomita 650. Gasar tseren motoci ta Paris-Dakar, wadda aka soma a ƙarshen Disamba 1978, ita ma ta sha bi ta Tawa, ta kuma ƙara kwaɗaita wa mutanen Turai wannan hanya, ko da yake masu tsere ba su ga kome ba face ƙurar junansu.

To, a nan ne ƙasar Adar ta yi rashin sa'a da baƙin nata. Mutumin da ya kwashe makonni yana fama da yashi, ya huta a Agadas ya ga hasumiyar masallacinta ya sayi azurfar maƙera, in ya ji tayarsa ta hau kwalta mai santsi ba abin da ke ransa sai ya ga kogin Kwara. Saboda haka Tawa ta zama masa wurin shan mai da gyaran taya da kwana ɗaya, gari na wayewa ya kama hanyar Tsarnawa da Ƙonni. Tsarin hukuma na zamanin Shugaba Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ya ƙara taimaka wa wannan gaggawa, don baƙo ba ya kwana a babban gari sai ya kai fasfonsa wurin 'yan sanda an buga masa hatimi, ba ya kuma ɗaukar hoto sai da takardar izini. Wanda ya san haka kuwa ba zai yi sha'awar yawan ratse ba.

Ya kamata a san yadda wannan al'ada take a ƙasarta ta asali, don a gane abin da baƙin suka zo suna tsammani. A Faransa, tun 1982 akwai ƙungiyar da ke tantance ƙauyuka mafi kyau da daɗewa tana ba su shaida, garuruwa da yawa kuma sun keɓe wa motoci masu ɗaki fili a bakin gari, inda za a ɗebi ruwa mai kyau a zubar da mai datti a kwana da 'yan kuɗi kaɗan. Mai ziyara ya ajiye motarsa, ya taka da ƙafa, ya tarar da majami'ar dutse mai shekara ɗari bakwai ko takwas, da allo a jikin bango an rubuta wanda ya gina ta da shekarar da aka gina, ya karanta, ya ɗauki hoto, ya koma ya dafa abincinsa, alhali bai yi wa kowa sallama ba tun safe. Dubban tsofaffin ma'aikata na Turai har yanzu haka suke cin ɗarinsu a Maroko. Tarihin da aka gina da dutse aka kuma rubuta a allo ba ya bukatar mai gabatarwa.

Na Adar ba haka yake ba. Ƙasa ce ta tudun duwatsu da kwaruruka, shi ya sa ake ce mata Adar Dutsi, kuma tun kafin a san sarautar da ake gani yau akwai Azna a cikinta, manoma da maharba da maƙera, kowane gungu da dutsensa da wurin tsafinsa. Ta kasance ƙarƙashin ikon Kabi har zuwa 1674, lokacin da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubaraku, ya karya rundunar Kabawa ya karɓe ta. Shi Agabban ya hau gadon Agadas a 1687, da ɗan'uwansa ya tuɓe shi a 1721 sai ya dawo ƙasar da ya ci da takobinsa ya zauna, zuriyarsa ce kuma ke riƙe da sarautar Sarkin Adar, wadda ta fara zama a Birnin Adar kafin daga baya ta kafu a Illela. (Kada mai karatu na Najeriya ya rikita ta da Illelar da ke bakin iyaka ta wajen Sakkwato, garuruwa biyu ne dabam.) Buzayen Lisawan, waɗanda suka mara wa Agabba baya, su ne gidan sarautar Keita, Kel Geres suka zauna ta kudu maso gabas, Iwillimidan na Kel Dinnik suka mamaye Azawak ta arewa, a farkon ƙarni na 19 kuma, da jihadin Shehu Usmanu ya girgiza ƙasar Hausa, wani malami Muhammadu Jilani ya ɗaga tuta a nan arewa ya yi ƙarfi na ɗan lokaci, kafin wani mai suna Ibra da mataimakansa su karya shi. Wanda ke son bin wannan zance daki-daki ya nemi littafin da Farfesa Djibo Hamani ya fitar a 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa, da na Nicole Echard na shekarar nan dai a kan tarihin manoman Adar. Abin lura kuwa shi ne dukansu biyu da tabarma da haƙuri suka samo mafi yawan abin da suka rubuta, daga bakin dattawa da maroƙa da masu sarautun gargajiya, ƙauye bayan ƙauye.

Ita kanta Tawa, wadda yau ke shugabantar jiha, asalinta ƙauyuka biyu ne maƙwabtan juna, Bilbis da Fakawa, kuma wani layi da aka ja a takarda a Turai yana cikin abin da ya ɗaukaka ta. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka kafa tsinken kamfas a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila, abin da ke waje na Faransa. Sai Faransawa suka wayi gari ba su da hanya mai ruwa tsakanin Kwara da Damagaram, tilas ayarinsu ya riƙa zagayawa ta Filinge da Tawa, suka kafa bariki a nan a farkon ƙarni na 20, ba a gyara iyakar ba sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906. Ba allon da zai gaya wa baƙo wannan. Abin da idonsa zai gani shi ne kasuwar Lahadi, inda Ba'adare mai gero da albasa ke haɗuwa da Buzu mai raƙumi da cuku da Bafillace mai shanu. Kasuwa ce mai daɗin kallo ƙwarai, amma wanda bai san me ya gudana tsakanin kakannin mutanen nan uku ba, launin rawuna kawai ya gani.

Ga inda nake ganin gizo ke saƙar. A garuruwan Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, baƙo yana shiga gari ta hannun mai masauki ne. Ya isa ƙofar mai gari ko fada, ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya ce “Ranka ya daɗe,” a ce masa “Maraba, sannu da hanya”. A kawo ruwa, a kawo fura, ba a tambaye shi abin da ke tafe da shi ba sai ya huce. Sa'an nan a haɗa shi da wanda zai sauke shi, shi ne zai zama idonsa da bakinsa da lamuninsa muddin yana garin. Haka fatake suka yi ciniki shekaru aru-aru, haka almajirai suka yi yawon neman ilmi, shari'a ma ta tabbatar wa baƙo haƙƙin liyafa har kwana uku. Mai masaukin nan ne zai ce maka wane tsoho ya san jerin sarakuna, wace rijiya ce ta fari, wane dutse ne ba a hawa, ina tsohon kufai yake, domin garin ƙasa in an tashi daga gare shi damuna kaɗan ke mai da shi tudu, sai an nuna maka da sanda kake sanin ka taka fada. Mota mai ɗaki kuwa, duk hikimar da aka zuba wajen ƙera ta, manufarta guda ce, wato ta wadatar da musafiri daga bukatar kowa: ga gadonsa, ga ruwansa, ga tukunyarsa. Sai ya zamana abin da ya ba shi ikon isowa ƙofar garin shi ne ya hana shi shiga. Yakan ratse daga titi da magariba, ya nemi bayan wani dutse nesa da mutane ya kwana, da safe ya buɗe labule ya ga yara da makiyaya sun kewaye shi suna kallo, shi yana jin an dame shi, su kuwa suna mamakin wane laifi garinsu ya yi da mutum zai zaɓi kwanan daji ga gidaje a kusa.

Ba wai gida mai tafiya baƙon abu ne a nan ba. Buzuwar Azawak takan naɗe tantinta na fata ta ɗora wa jaki ko raƙumi, Bororo ma gidansa bai fi kayan sa guda ba. Amma su in sun sauka, sun san rijiyar wa suka sauka, sun san wanda za su gaisar da wanda za su ba nono su karɓi hatsi. Malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da duba mas'alar mai tafiya da gidansa: Risala ta sa nisan ƙasaru barid huɗu, wato mil 48, a Mudawwana kuma an ce matuƙan jirgin ruwa da ke tafe da iyalinsu a cikin jirgi su ma ƙasaru za su yi in sun yi safara, wanda ke nuna ɗaukar ɗaki ba ya mai da matafiyi mazauni. Adalci ne kuma a faɗa cewa ba duka baƙin suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda lalacewar mota ta tsayar da su mako guda a wani ƙauye, suka ci tuwon gidan bakanike, suka tafi da abota wadda ta yi shekaru ana musayar wasiƙu.

Wuri guda da ya ja waɗansu daga titi shi ne Yama, ƙauye a kudu da Tawa, saboda masallacinsa na Juma'a. A 1962 jama'ar garin suka ɗora wa wani maginin cikinsu, Falke Barmu, aikin gina shi, kowane gida ya kawo gudummawa gwargwadon hali, masu buga tubali na yi, mata na jido ruwa, waɗansu na saro itace. Da fari ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ginshiƙai, ba wani ado. A 1975 da aka zo gyaran rufi sai ya sake shi da bakuna ya kuma ɗora ƙubba a tsakiya, tsakanin 1978 da 1982 ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyin, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, kowace tana hawa mataki-mataki tana tsukewa, da 'yan tagogi da ƙayoyin itace da mai yaɓe ke takawa. A 1986 aka ba ginin lambar girma ta Aga Khan, hotonsa ya shiga littattafan gine-gine na duniya. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, ginin da baƙi suka fi ɗauka a matsayin tsohon tarihin Adar ya girmi kaɗan ne daga cikin dattawan da ke sahun gaba a cikinsa; tsufan yana ga sana'ar da hannun da ya gaje ta. A Dandaji ma akwai wani masallacin na Falke Barmu, wanda a 2018 masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa.

Wanda ya yi gabas daga Tawa ta Tamaske zuwa Keita zai ga wani tarihin da ya fi wannan ƙuruciya. Bayan farin 1984 aka soma babban aikin farfaɗo da kwarin Keita da kuɗin Italiya da kulawar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya: aka jera duwatsu a kan gangara don tare ruwa, aka haƙa ramuka a ƙeƙasassun tuddai aka dasa miliyoyin itatuwa, aka yi madatsai a bakin koramu. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, ana biyansu da abinci, saboda mazan sun tafi bida, kamar yadda Adarawa suka saba tun kaka da kakanni, wani Abijan, wani Legas, wani Kamaru ko Libiya. Kusan kowane gida a nan yana da wanda ya san zaman baƙunci a ƙasar wani, la'alla shi ya sa ba a yi wa baƙo rowar tabarma. Tabkin Tabalak kuwa yana bakin titi, kimanin kilomita 50 daga Tawa, ba ya bukatar ratse. Akwai kifi da tsuntsayen ruwa, an kuma sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2005.

Ta kudancin jihar akwai wuraren da Bature mai mota zai wuce bai waiga ba, amma ɗan Sakkwato ko Gwandu ya ji tsigar jikinsa ta tashi: Maratta, kusa da Galmi mai albasa, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, da wajen Madawa inda malaminsa Jibrilu ɗan Umaru ya yi wafati. Ƙonni kuma tana da nata tabon, na ɓarnar da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta yi mata a 1899.

Hanyar ta rufe ne a hankali. Rikicin da ya auku a Cintabaradan a watan Mayu 1990 ya buɗe ƙofar tawayen arewa, wanda bai lafa ba sai da sulhun 24 ga Afrilu 1995; Aljeriya ta faɗa nata rikicin tun 1992; da aka ɗan samu sarari motocin suka fara dawowa, sai aka sace Turawa 32 masu yawon hamada a kudancin Aljeriya a 2003, tawaye ya sake tashi a 2007 har da binne nakiyoyi a hanyoyi, gasar Dakar ma aka soke ta 2008 ta yi ƙaura zuwa Kudancin Amurka. A Nuwamba 2009 aka yi yunƙurin sace ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a cikin Tawa kanta, a Satumba 2010 aka ɗauke mutum bakwai a Arlit, a Oktoba 2016 aka sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak, wanda bai kuɓuta ba sai Maris 2023. Kuma kada lissafin baƙi ya mantar da mu cewa 'yan ƙasa ne suka fi ɗanɗana wannan musiba: a Maris 2021 kaɗai, a ƙauyukan yankin Tiliya, mutum 137 aka kashe bisa ga ƙidayar gwamnati, Allah ya jiƙansu. Titin uraniyum ɗin ma ya farfashe a wurare da dama, har direbobi kan sauka su bi gefensa.

Yau masu bin sa su ne motocin safa da manyan motocin kaya da 'yan bida masu nufin Agadas da abin da ke bayanta. Tun 2017 yankunan Tiliya da Tasara ke cikin dokar ta-ɓaci, Bature kuwa ba ya fita zuwa irin waɗannan wurare sai da izinin hukuma da rakiyar soja. Mota mai ɗaki da ke tafe da soja gaba da baya ba ta tsayawa inda mai ita ya ga dama, ba ta ratsewa don an hango rumbuna a gindin dutse, ba ta kuma kwana sai inda kwamandan rakiya ya ce.